Baƙar ƙasa a ramin fandisho: hanyar da na bi a Katsina kafin gini ya ci gaba

Takardar fili tana gaya maka tsawonsa da faɗinsa da sunan wanda ya riƙe shi kafin kai, amma ba ta cewa komai kan abin da ke ƙarƙashinsa. A Katsina kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin filaye da yawa da ake yankawa yanzu, a da kududdufai ne da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, daga baya suka koma bola, aka bi da tifa aka cike. Wasu kuma tsofaffin garejin bakanikai ne da aka tasa. Nawa ya haɗa duka biyun. Na sha yawo kafin in gane ofishin da ake fara zuwa da irin gwajin da ake nema, shi ya sa na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ya huta da rabin wahalar.

Filin hamsin ne da ɗari, a wata unguwa ta wajen hanyar Dutsin-ma. Na saya ta hannun dillali, aka rubuta takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu, na kai zanen gini hukumar tsara birane ta jiha, URPB, aka duba aka ba ni izini. Duk wanda ya ga filin sai ya yaba, shimfiɗaɗɗe ne, an baje masa jar ƙasa, ko ciyawa babu. Da ruwa ya ɗauke aka gama kaka, sai aka ja igiya aka fara haƙa. Ta gaba komai lafiya lau. Da leburori suka kai kusurwar baya, inda aka tsara kicin da rijiya, ƙasar ta sauya tun ba a kai ƙafa biyu ba. Baƙa wuluk, tana danƙo, tana manne wa shebur, ga warin baƙin mai da ke hawa kai. Da aka ƙara zurfi sai diga ta fara fito da fasassun robobin batirin mota, da wasu fallaye masu ruwan toka da nauyin gaske, wani farin gari ya daskare a jikinsu. Kafin azahar biyu daga cikin leburorin suka ce kansu na sarawa.

Maginina dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya leƙa ramin ya ce, "Alhaji, wanga ai ba komi ba ne, mun sha ganin irinta. A ƙara zurfi kaɗan, a zuba kankare, shi ke nan." Na ce, "Baba, bari dai injiniya ya zo ya gani da idonsa." Injiniyan ya zo da yamma, ya ɗibi ƙasar da tsinke ya shinshina, ya ce a dakata. Dalilinsa na farko ma ba na lafiya ba ne, na gini ne. Ƙasar ciko da ta haɗu da shara tana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, mai yana hana kankare kama jikinsa yadda ya kamata, ruwan batir kuma yana cin siminti da rodi sannu a hankali. Sannan ya ɗaga ɗaya daga cikin fallayen nan ya ce mini, "Yallaɓai, warin da ya tayar maka da hankali ba shi ne babbar matsalar ba. Wannan da ba ta wari, ita ce dalma." Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma idan ta shiga ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta ƙafewa, tana nan har sai an kwashe ta.

A daren na sa aka sayo tamfol aka rufe ramin da tulin ƙasar da aka fitar, aka danne gefe da bulo, washegari aka kewaye wurin da tsohon kwano. Wannan kewayen ya fi komai gaggawa, domin kafin magariba yaran unguwa da 'yan jari bola sun riga sun gano akwai dalma a wurin, suna tsinta da hannu don su kai a auna musu. Sai da na sa mai gadi. Na biya leburori kuɗin yininsu cikakke, na ce su wanke jiki da sabulu, kuma kada kayan aikin su shiga ɗakin da yara ke kwana.

Jarrabawar farko ta zo daga direban tifar da ke kawo mini yashi. Ya ga tulin ya ce zai kwashe mini kyauta, ko kuɗin mai ba sai na ba shi ba. Na tambaye shi ina zai kai, ya ce manoman kewayen gari na neman baƙar ƙasa irin wannan ido rufe, taki ce. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san ana sayen tifar bola a baje a gona kafin damina. Wato da na amsa masa, cikin yini guda matsalata ta ƙare ba tare da na kashe ko sisi ba, ta koma gonar wani bawan Allah da zai shuka gero ko alayyafo a kai, ko ta zama cikon tsakar gidan da yara ke rarrafe. A ganina nan ne lamarin gurɓatacciyar ƙasa ya fi lalacewa a garuruwanmu, ba a wajen gano ta ba, a wajen inda take ƙarewa. Na ce masa a'a. Bai ji daɗi ba, kuma na ga alamar ya ɗauke ni mai tsaurin banza.

Daga nan sai gidan mai unguwa. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, tarihin filin nan na zo nema." Ya aika aka kira dattawa biyu da suka girma a unguwar, su suka warware mini komai. Kududdufi ne tun suna yara, daga nan ake ɗibar ƙasar tubali. Da ya cika da shara sai bakanikai suka kafa rumfuna a kai, suna da wani rami a baya da suke juye baƙin mai. A gefen ramin akwai masu gyaran batir, waɗanda ke fasa matattun batura su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a kan gawayi. Har suka nuna mini da sanda inda kowace rumfa take. Bayanin nan ya rage mini kuɗi sosai daga baya, don shi ya nuna inda za a ɗebi samfur maimakon a bi filin gaba ɗaya ana lalube. Mai unguwa ya ce zai kira wanda ya sayar mini, amma in fara samo takarda a hannu, don magana ba hujja gardama ce kawai.

A nan ruɗani ya fara, domin kowa da ofishin da yake turo ni. Wani ya ce NOSDRA, wani ya ce NESREA, wani ya ce in koma inda aka ba ni izinin gini. Abin da na fahimta bayan zirga-zirga shi ne: NOSDRA, da aka kafa a 2006, aikinta malalar mai ne daga harkar man fetur, kamar fashewar bututu ko kifewar tanka. Idan tsohon gidan mai ne da tankokinsa a binne, maganar ta shafi NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, wadda ta gaji wannan ɓangare na aikin DPR, tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur, bayan dokar man fetur ta 2021. NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan ƙa'idojin muhalli a matakin tarayya, har da sharar da ke da guba. Amma mai fili guda a cikin unguwa, ƙofarsa ta farko ita ce duba-gari na ƙaramar hukuma, sannan hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA. Duba-garin ya zo ya gani, ya rubuta ɗan taƙaitaccen rahoto. Na haɗa rahoton da wasiƙata, da hotunan ramin da na wanke a takarda, da kwafin takardar fili, da kwafin izinin gini, na kai SEPA. Kowace takarda na yi mata kwafi biyu, na nemi a buga mini hatimin karɓa a kan nawa. Aka sa rana, jami'ai suka zo suka zagaya, suka ce kada a fitar da ko kwanon sarki ɗaya na ƙasar sai an gwada an san abin da ke ciki.

Kalmar gwajin ƙasa kuwa tana ruɗar mutane, don iri uku ne kuma kowanne da wurinsa. Akwai na masu gini, wanda ke auna ko ƙasa za ta ɗauki nauyin bene. Akwai na manoma, wanda ke gaya maka irin takin da gona ke buƙata. Duka biyun za ka iya biya a ba ka takarda mai kyau da hatimi, ba tare da an ambaci dalma ko sau ɗaya ba. Na ukun shi ne na guba, kuma sai ka faɗi abin da kake so a nema da sunansa, in ba haka ba su yi maka wanda suka saba. Injiniya ya rubuta mini jerin: dalma, kadmiyam, kuromiyam, yawan mai a cikin ƙasa, tsamin ƙasar, da salfet saboda siminti. A takardar sakamako za ka ga Pb, ita ce dalma. TPH kuma shi ne jimillar man. Ƙarafan an auna su a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, da na'urar da suke kira AAS. Na man yana buƙatar wata na'ura daban, sai da aka aika Zariya.

Ɗibar samfur ɗin ma aiki ne mai ƙa'ida, wani ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya zo ya yi da kansa. An ɗiba a wurare da dama: tsakiyar tsohon ramin mai, inda rumfar batir take, gefen katangar maƙwabci, tsakiyar fili, da can gaba. A kowane wuri an ɗibi ta sama, ta tsakiya, da ta ƙasa. Bayan kowace ɗiba ana wanke abin haƙar, don kada dattin wani rami ya shiga samfurin wani. Na ƙarafa an sa a leda mai zif, na mai kuma a kwalbar gilashi, a cika ta maƙil a rufe, a sa cikin kula da ƙanƙara, domin zafi na korar wani ɓangare na man kafin a isa. An kuma ɗebo ƙasa daga wani wuri mai tsabta can nesa da filin don kwatantawa. Kowane samfur an rubuta masa lamba da zurfi, aka yi ɗan zane a takarda da ke nuna inda aka ɗebo shi. Na roƙi maƙwabta biyu aka ɗibi ruwan rijiyoyinsu. Ɗaya ya yarda nan take. Ɗayan ya ce, "Malam, so kake a ce unguwarmu da guba, gidajenmu su faɗi?" Sai da mai unguwa ya sa baki. Abin da na biya a lokacin, kusan naira 15,000 ne kowane samfurin ƙarafa, na mai kuma ya kusa 40,000 kowanne, shi ya sa aka taƙaita na man ga inda ido da hanci suka nuna. Da kuɗin mota da na ma'aikacin, gwajin farko ya ci wajen 400,000.

Jiran sakamako ya ɗauki makonni, kuma shi ne lokacin da ya fi yi mini nauyi. Bulon da na buga na zube a rana, simintin da na saya na tsoron ya daskare, magini ya kama wani aiki ya tafi da yaransa. Mutane kuma ba su rasa shawara. Wani ɗan'uwana ya same ni har gida ya ce, "Yaya, ka mayar da ƙasar ka baje jar ƙasa a kai kamar yadda aka yi maka, ka sa shi kasuwa. Wa zai sani?" Na ce masa hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware fili ba. Amma ba zan ɓoye ba, da dare idan na zauna ina lissafin kuɗin kwano da ke narkewa, maganar tasa takan dawo mini.

Sakamakon ya zo a takarda cike da lambobi, ba bayani. Sai da na koma wurin malamin da ke kula da ɗakin gwajin ya zauna ya karanta mini. Ana auna abin ne da miligiram a kowane kilo na ƙasa. Gaban filin da tsakiyarsa ba su da bambanci da ƙasar da aka ɗebo daga nesa. A inda rumfar batir take, dalma ta haura 2,000. Ya ce ma'aunin da aka daɗe ana kafa hujja da shi ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne 400, na hukumar muhalli ta Amurka, kuma a 2024 sun sauke shi zuwa 200. Man kuma a tsakiyar ramin ya wuce 5,000, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar tsohuwar DPR ta ce idan an kai dole a gyara wuri. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne dalmar ba ta yi nisa ba, tana raguwa sosai da an sauka ƙasa, domin ɗabi'arta ce ta maƙale a ƙasar da ta faɗa sai idan tsami ya yi yawa ya motsa ta. Man ne ya fi nutsawa. Ruwan rijiyoyin biyu bai kai 0.01 miligiram a lita ba, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha, amma mafi kusa da ramin tana ɗan warin mai, aka ba su shawarar su bar ta ga wanki.

Duk ɗan Arewa da ya ji gubar dalma, Zamfara ke faɗo masa. A 2010 ne abin ya bayyana a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, yara wajen 400 suka rasu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga aikin magani. Malamin ya ce nawa bai kama ƙafar wancan ba, amma hanyar shigar iri ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Yaro ƙarami jikinsa na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma illarta a ƙwaƙwalwa ba ta nuna kanta da wuri. Maganin ƙasar ma iri ɗaya ne da wanda aka yi a Bagega da sauran ƙauyukan: a kankare gurɓatacciyar, a binne ta a ramin da aka tanada, a kawo mai tsabta a shimfiɗa. Saboda yaran da suka tsinci fallayen nan, na gaya wa iyayensu abin da aka gani, muka je asibiti. Gwajin dalma a jini ba kowane asibiti ke yin sa ba, an ɗebi jinin ne aka aika wani gari. Likitan ya ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira lafiyayye, amma daga maikirogiram 5 a kowace desilita ake fara bin diddigin inda ta fito. Ya kuma tambayi iyayen ko ana sa wa yaran kwalli, don wani kwallin dutsen dalma ne, abin da da yawanmu ba mu taɓa kawowa a rai ba. Alhamdu lillahi babu wanda ya kai ga shan magani.

Da takardar a hannu aka zauna a zauren mai unguwa da wanda ya sayar mini da dillali. Mutumin ya rantse shi ma a cike ya saye shi. Dillali ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Limamin unguwa ya yi bayanin cewa a fiƙihu ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki yana ba mai saye damar mayar da kaya ko a rage masa kuɗi gwargwadon aibin. Wani lauya da na tuntuɓa ya ce kotu na nan, amma in auna shekarun da za ta ci da abin da zan samu. Aka yi sulhu, wanda ya sayar mini ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwashewa, aka rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Ban samu yadda nake so ba, amma ba don takardar gwajin ba ko wannan ba zan samu ba.

Na kai wa SEPA sakamakon tare da bayanin yadda za a yi aikin, wanda injiniya ya rubuta a shafi biyu: faɗin wurin da za a kwashe, zurfinsa, yadda za a kare ma'aikata, da yadda za a ɗauka. Su suka nuna wurin da za a kai, nesa da gidaje da gonaki da hanyar ruwa. A can aka haƙa rami da katafila, aka shimfiɗa leda mai kauri, don a zuba ƙasar a rufe da marmara. An raba ƙasar kashi biyu tun daga filin. Wadda ke da dalma, binnewa kawai. Wadda mai kaɗai ya taɓa ba sosai ba, ana iya baje ta a cakuɗa da takin dabbobi a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, ƙwayoyin halittar ƙasa su cinye man a hankali, amma baƙin mai na da taurin kai, yana cin watanni, ni kuma ba ni da wurin yin haka, sai aka haɗa aka binne. Robobin batir da fallayen an tara su daban a cikin durom aka rufe.

Aikin ya faɗo cikin hunturu, lokacin da iska ke ɗaukar ƙura ta kai ta har cikin kwanon abinci. Saboda haka kafin a sa shebur sai an jiƙa ƙasar, ana yi ana yayyafawa, 'yan ga-ruwa sun ci kasuwa a wurina. Na sayo takunkumi da safar hannu da takalmin ruwa. Sa su ne ya zama rigima, don da zafi ya taso sai a zare takunkumin a rataye a wuya. Abin da ya fi tasiri shi ne dokar da na kafa: ba a cin abinci ko goro ko shan taba a cikin shingen, akwai bokiti da sabulu a bakin ƙofa, kayan aiki kuma a nan ake cire su a bar su. Maƙwabta na gaya musu ranakun aikin don su rufe tagogi su janye yara da shanya. Kowace tifa sai an lulluɓe ta da tamfol, kuma ƙanena na bin ta a babur har wurin juyewa, ya ɗauki hoto, a rubuta lambar mota da lokaci a littafi. Wannan bin ba ɓata mai ba ne. Akwai direban da ya karkata zuwa wata gona da ya riga ya yi ciniki da mai ita, ganin babur a bayansa ne ya dawo da shi hanya. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin tifa ya tashi, ni a kan 35,000 muka daidaita kowane sawu, kuma an yi sawu wajen ashirin.

Da aka kai ƙasa mai launin asali wadda ba ta wari, magini ya ce a fara ciko. Injiniya ya hana, ya ce ido da hanci ba sa ganin dalma. Aka sake ɗibar samfur daga gindin ramin da bangonsa huɗu. Na gindin da na bango uku sun fito lafiya, na wajen katangar maƙwabci ya nuna saura, aka ƙara kankare wajen har inda ba zai taɓa katangar ba, sauran kuma aka yi masa shamaki da leda da kankare. Wannan gwaji na biyu shi ne takardar da ta fi kowace daraja a fayil ɗina, don ita ce shaidar cewa an gama. Mutane da yawa a nan suke tsayawa saboda kuɗi ya ƙare, sai su rasa abin nunawa.

Cikon an yi shi da marmara daga wurin da na je na gani da idona, don kada a kawo mini wata bolar a madadin wadda na fitar. Ana zubawa kaɗan-kaɗan, kamar taƙi ɗaya, a jiƙa, a daddanne da inji, sannan a ƙara. Injiniya ya sauya tsarin harsashin wannan ɓangare zuwa shimfiɗar kankare da rodi gaba ɗaya, saboda ƙasar ciko da ta asali ba sa lotsawa daidai, a nan bango ke tsagewa. Sauyin ya sa na koma URPB da sabon zane aka amince. An shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe. Rijiya an soke ta gaba ɗaya. Bututun ruwan sha an bi da shi ta ɗaya gefen, domin mai na iya ratsa bututun roba ya ɓata ruwa ko da bai fashe ba. Sokawe ma an matsar da shi gaba, don kada ruwansa ya riƙa tura ragowar man zuwa rijiyoyin mutane. Tsakar gida an yi mata daɓen siminti duka, zogale da lalle da uwargida ta ci buri sai a cikin manyan tukwane da ƙasar da aka kawo daga waje. Jimillar abin da lamarin ya ci, da gwaji da kwashewa da ciko da ƙarin rodi, ya haura naira miliyan 3, ginin kuma ya yi jinkirin kusan rabin shekara.

Wanda bai riga ya biya kuɗin fili ba, yana da damar da ta fi tawa araha nesa ba kusa ba. Ya nemi izinin mai fili ya sa lebura ya haƙa ramuka uku ko huɗu masu zurfin ƙafa huɗu zuwa biyar, musamman a kusurwoyin baya, aikin yini ɗaya ne. Mai filin da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa. Ya tambayi tsofaffin unguwa, ba dillali ba, me ake yi a wurin shekara ashirin da suka wuce. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna tsofaffin hotunan sama, a ciki za ka ga kududdufi ko jerin motoci a inda yanzu yake fili fetal. Fili a tsakiyar tsohuwar unguwa da aka baje wa sabuwar jar ƙasa, ko wanda ciyawa ba ta fitowa a kansa da damina alhali na kusa da shi ya yi kore, abin tambaya ne. A takardar ciniki kuma a sa sharaɗi a rubuce cewa idan an tarar da bola ko guba a ƙasa, ga abin da mai sayarwa zai ɗauka.

Wanda kuma ya riga ya tarar, jerin yana da muhimmanci: a tsayar da aiki, a rufe, a kewaye, a sanar, a gwada, sannan a kwashe, a sake gwadawa kafin ciko. Duk wanda ya fara da kwashewa ya rasa hujjar da zai riƙe mai sayarwa da ita, kuma ya watsa abin da ba zai iya tattarowa ba. Takardun duka, daga rahoton duba-gari har littafin sawun tifa, na haɗa su da takardun filin a jaka ɗaya, don duk wanda gidan ya koma hannunsa ya san inda aka kwashe da inda bai kamata ya haƙa ba. Rijiyar maƙwabcina kuwa mun yi yarjejeniya za a riƙa gwada ruwanta duk ƙarshen damina, lokacin da ruwan ƙasa ya fi tasowa, ni da shi muna raba kuɗin.